Fenti a Kan Mahogani: Asalin Wata Raha ta Kafintocin Ingila da Amurka

Kafintocin Ingila da na Amurka, musamman waɗanda ke haɗa kabad da tebur da hannu daga katako mai daraja, suna da wata raha da suke juyawa a tsakaninsu, wadda ko sau nawa aka faɗe ta ba ta rasa mai dariya. Za a ce wani gwani ya share wata uku yana aikin tebur guda, ya zaɓi allunan da zanen jikinsu ya dace da juna, ya haɗa gaɓoɓin ba da ƙusa ko ɗaya ba, ya goge, ya shafa mai har fuskar mutum tana bayyana a ciki, sa'an nan da ya kai wa masu shi suka yaba matuƙar yabo, uwargida ta dube shi ta ce, "To, malam kafinta, wane launin fenti kake gani zai fi karɓarsa?" Wasu kuma sukan ce akwai wata azaba ta musamman da aka tanadar wa duk wanda ya ɗora burushi a kan irin wannan katako. Suna da wani karin magana na sana'a mai nufin cewa da fenti da abin toshe ɓaraka ake mai da wanda ba kafinta ba kafinta. Ni dai tun da na fara jin waɗannan maganganu na fahimci cewa takaici ne aka lulluɓe da dariya, kuma takaicin nan yana da tarihi wanda ya cancanci a bi shi sannu a hankali.

Asalin al'amarin sanyi ne. A shekarar 1709 aka yi wani matsanancin hunturu a Turai wanda ya hallaka itatuwan walnat masu yawa, alhali kuwa a wancan zamani walnat shi ne katakon manya, har ta kai hukumar Faransa ta hana fitar da shi daga ƙasarta a 1720. A shekara ta gaba, wato 1721, majalisar Ingila ta ɗauke haraji daga katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulka a nahiyar Amurka, sai jiragen ruwa suka shiga sauke wani jan katako daga tsibirin Jamaika, mai nauyi, mai faɗin allo, wanda ƙwari ba su cika damunsa ba, wanda kuma yake karɓar sassaƙa kamar an halicce shi dominta. Shi ne mahogani, ɗan'uwan madacinmu a dangin itatuwa. Kafin ƙarni ya raba, ba a ƙidaya gidan attajiri ya cika sai da teburinsa, kuma tun da kuɗi mai yawa aka zuba aka saye shi, ba mai hankalin da zai yarda a rufe shi. Galibi mai da kakin zuma ake shafa masa, domin baƙo ya gani da idonsa ya san abin da maigida ya mallaka. Masanin tarihin kayan ɗaki Percy Macquoid, a littattafansa da suka fito tsakanin 1904 da 1908, ya kasa tarihin sana'ar a Ingila bisa sunayen katako, ya ba mahogani zamani guda cur.

Wajibi ne a nan mu tsaya mu ambaci waɗanda suka sare shi, gama ba adalci ba ne a yi maganar ƙyallin tebur a manta da su. Bayi ne 'yan Afirka, a Jamaika da kuma gaɓar da a yau ake kira Beliz, suke kutsawa cikin ƙungurmin daji su nemo bishiyar, wadda ba ta tsirowa a gungu sai ɗai-ɗai, su kafa dandamali su sare ta daga sama da gindinta, su ja gungumen da shanu cikin dare saboda zafin rana, su jira damina ta kawo ruwan da zai kai shi bakin teku. Har wa yau tutar Beliz tana ɗauke da hoton bishiyar da masara biyu a gefenta. Wanda ya san wannan, idan ya ga tsohon kabad na mahogani an dulmuya shi cikin farin fenti, abin da yake ji a ransa ya wuce ɓacin ran mai son ado.

Amma fa kada mai karatu ya zaci magabatan sana'ar sun ɗauki fenti haramun ne, domin tarihi bai goyi bayan wannan zato ba ko kaɗan. Thomas Chippendale, wanda sunansa ya zama tamkar laƙabin aikin mahogani tun da ya wallafa littafin zane-zanensa a 1754, shi da kansa ya yi wa shahararren ɗan wasan kwaikwayo David Garrick kayan ɗakin kwana masu fentin fari da kore, waɗanda wasunsu ke ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Kujerar nan da ake kira Windsor, wadda ta cika gidaje da lambuna a Ingila da Amurka, da katako iri biyu ko uku ake haɗa ta, mazauni daban, ƙafafu daban, sandunan jingina daban, kowanne bisa ga abin da ya fi jurewa, sa'an nan a shafe ta da kore domin ta zama abu guda a ido. Ƙa'idar da suka bi mai sauƙi ce: abin da aka nufa da fenti, da katako mai araha ake yinsa, irin su fayin; abin da aka yi da katako mai daraja kuwa, a bar shi ya nuna kansa. Malamanmu sun ce ma'anar zalunci ita ce ajiye abu ba a muhallinsa ba, kuma ban ga ta'arifin da ya fi wannan dacewa da abin da kafintocin nan ke kuka da shi ba.

Har ma an yi zamanin da fenti ne ke kwaikwayon katako. A ƙarni na sha tara, da masu matsakaicin hali suka yi sha'awar abin da aljihunsu bai kai ba, sai aka sami masu fentin da ke zana jijiyoyin mahogani a kan ƙofar fayin da burushi da mataji, gwaninsu kuwa shi ne Thomas Kershaw, wanda ya nuna aikinsa a babban baje kolin Landan na 1851 da na Faris na 1855, mutane suna tantama ko fenti ne ko katako. John Ruskin ya yi tir da wannan sana'a a wani littafinsa na 1849, ya lissafa ta cikin yaudara, kuma daga irin wa'azinsa ne aƙidar nan ta yi ƙarfi, cewa kowane abu a bar shi bisa haƙiƙarsa. Aƙidar ta haye teku, ta sami mazauni a wurin irin su Gustav Stickley a Amurka a farkon ƙarni na ashirin, daga baya kuma ta kai ga James Krenov, wanda littafinsa na 1976 ya tarbiyyantar da dubban masu aikin hannu a kan su saurari allo kafin su sa masa zarto. Almajiran wannan mazhaba su ne masu rahar da muka buɗe magana da ita.

Abokan hamayyarsu kuwa masu ƙawata ɗakuna ne. Syrie Maugham, wadda ta yi suna a Landan da farin ɗakinta na 1927, takan sayi tsoffin kayan ɗaki ta kankare su, ta koɗe launinsu, ta mai da su farare, manyan gari suna rububi, masana kayan tarihi suna salati. Bayan shekaru sittin abin ya dawo da ƙarfinsa: Rachel Ashwell ta buɗe shagonta na Shabby Chic a Kalifoniya a 1989, Annie Sloan kuma ta fito da fentinta mai kama da alli a 1990, wanda ake tallarsa da cewa yana kama katako ba sai an goge ba. Yaɗuwar wannan salo daga baya ta zo daidai da lokacin da gidaje suka ƙanƙance, matasa suka juya wa manyan kabad na kakanninsu baya, farashin jan katako ya faɗi warwas a wuraren gwanjo. Ina ganin gaskiya ce a faɗa cewa masu fentin suna da hujja guda mai nauyi, wato da yawa daga kayan nan da ba a shafe su an sayar ba, da juji za su nufa. Sai dai hujjar tana ƙarewa a daidai inda burushi ya kasa bambance kabad ɗin masana'anta da aikin gwani na shekara ɗari biyu, kuma a ganina israfi ne bayyananne a halaka abin da ba za a iya maye gurbinsa ba.

Ba za a iya ba kuwa, domin dazuzzukan sun ƙare. Da na Jamaika da Kuba suka yi ƙaranci, fatake suka juyo Afirka ta Yamma, suka kwashi dangin madaci daga kurmin kudu, har wani katako ya ɗauki sunan garin Sapele inda ake lodinsa. A 2003 aka sa mahoganin Amurka mai faɗin ganye ƙarƙashin yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, a taron yarjejeniyar na 2022 kuma aka shigar da dangin madaci na Afirka. Allon da faɗinsa ya isa fuskar tebur shi kaɗai, irin wanda Chippendale yake samu a saukake, yau sai a jikin tsohon aiki.

Masu gyaran tsoffin kaya su suka fi kowa sanin iyakar ɓarnar. Mahogani da walnat katako ne masu ƙananan ƙofofi a jikinsu, fenti kuwa yana shiga ƙofofin nan ya zauna, ta yadda ko an wanke shi da magani an kankare, sai a ga fararen ɗigo-ɗigo sun rage cikin jan katako kamar tsaba. Idan kuma aka ce a bi da samfefa har su fita, to galibin kayan nan fallen katako ne siriri aka manna a fuskarsu, wanda ba ya jure doguwar guga kafin ya huje, launin nan mai zurfi da shekaru da hasken rana da hannuwan mutane suka gina a kansa kuwa tun a gugar farko yake tafiya. Saboda haka mai gyara yakan zauna da allura da ɗan burushi yana tsince fentin ƙofa bayan ƙofa, kwana da kwanaki, a kan abin da wani ya shafe cikin yini guda.