Masauki da Jari: Yadda Ƙasar Daura Ta Riƙi Ɗan Ci-rani

Tarihin Daura, kamar yadda ake gadonsa baki da baki, ya fara ne da baƙon da ya iso gari da dare yana neman ruwa. Wadda ta sauki Bayajidda ba sarauniya ba ce. Wata tsohuwa ce, Ayana, wadda ko ruwan da za ta ba shi ba ta da shi, domin macijiyar rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Abin da take da shi, wato wurin kwana da guga, shi ta ba shi. Masana na jayayya kan yawan gaskiyar da ke cikin labarin, amma darasinsa ya zauna a ƙasar: baƙo mai neman abin yi, masauki ake ba shi da abin da zai yi aiki da shi.

Wannan darasi ya samu wurin aiki a kowace shekara. Ƙasar Daura ƙasar rairayi ce mai gajeriyar damina. Da an girbe gero an sa a rumbu, magidancin da ya ga hatsinsa ba zai kai shi wata kakar ba sai ya bar wa iyali abin da ke akwai, ya fita neman na bakinsa a wani wuri. Wannan shi ne cin rani. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba Daura da Magarya da Damagaram a takarda, amma ba ta hana ƙafa tafiya ba. Mutanen arewa suka ci gaba da gangarowa ta Kwangwalam da Mai'adua da Zango, suna ga-ruwa, faskare, dako, kwaɓin ƙasa da yaɓe. 'Yan Daura su ma suna wucewa Kano da kudu da irin wannan niyya.

Ɗan ci-rani ba ya shiga gari haka kawai. Yana neman zauren wani maigida ko wani malami ya raɓa. Idan zama ya yi daɗi, sai alaƙar ta koma barantaka. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau kuma ya wallafa littafi kan tarihin sarautar Daura a 1978, ya bayyana barantaka a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan zaman Hausawa. Bara yana yi wa ubangidansa aiki da biyayya. Ubangida kuma yana ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya tsaya masa idan magana ta taso, in ya isa aure ya yi masa. Wanda ya riƙe amana sai a ba shi gona ko jari, ya tashi daga mai neman aikin yini ya zama mai gidan kansa. Abner Cohen ya ga irin wannan tsani a Sabon Ibadan, a littafinsa na 1969: masu gidajen da ke saukar da fataken shanu da goro suna riƙe da yara, wasu daga cikin yaran kuma su zama dillalai daga baya.

Dalilin da ya sa irin wannan riƙo ya fi sadakar yini ɗaya nauyi ya fito a binciken Polly Hill a Batagarawa, kusa da Katsina, wanda aka buga a 1972. Ta nuna cewa talakan manomi yana cikin tarko. Hatsinsa na ƙarewa tun kafin damina ta yi nisa, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samu na tuwon dare, daidai lokacin da tasa gonar ke buƙatar noma. Ciyawa ta cinye ta, kaka ta zo masa da ɗan abin da bai kai na bara ba, har wata rana ya sayar da gonar. Kwanon tuwo yana kashe yunwar yau, amma ba ya kwance wannan tarko. Abin da ke kwance shi shi ne mutumin da zai ranta masa dami ba da ruwa ba, ko ya ara masa jaki, ko ya sa shi a sana'a.

Ba kowane ubangida ne ya cika wannan alkawari ba. Akwai masu ba da dami ɗaya da bazara su karɓi biyu da kaka. Akwai baran da ya tsufa a zaure bai mallaki ko akuya ba. Kuma idan masifa ta game kowa, tsarin yakan gaza. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973, masu gudun yunwa daga arewa sun fi ƙarfin zaurukan da suka saba saukarsu. A 1984 fari ya sake haɗuwa da rufe iyakokin Najeriya a mulkin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, har mutanen Nijar da dama suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Rufe iyakar 2019 da ta 2023 sun sake taɓa irin waɗannan mutane, masu cin abinci da zirga-zirgar kasuwar Mai'adua.

Abin da ya fi raunana tsohon tsarin a hankali shi ne sauyin gini da na biya. Gidan ma'aikaci na yau yana da katanga da ƙofar ƙarfe, ba shi da zaure. Ana biyan mai tura kurar ruwa kuɗin jarkokinsa, a biya mai wanki da mai gadi, ciniki ya ƙare a nan. Wannan ya 'yantar da ɗan ƙwadago daga ƙasƙancin barantaka, amma ya bar shi ba mai tsaya masa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko aka sace kurar da ya ɗauko haya, babu wanda nauyinsa ke kansa.

Ba wanda zai so a dawo da barantaka da duk abin da ke cikinta. Abin da ya cancanci a ɗauko daga tarihin shi ne ma'aunin da ake auna taimako da shi: ina mutumin ya tsaya bayan shekara biyar? Likita ko lauya ko malamin jami'ar da wani ɗan Magarya ke kawo wa ruwa kullum yana da ikon da maigidan zaure yake da shi a da, har ma fiye. Zai iya sanin sunansa da garinsu, ya saya masa kurar kansa don ya huta da biyan haya, ya tsaya masa a asibiti, ya sa ɗansa a makaranta. Ko a mazhabar Malikiyya da ƙasar ke bi, malamai sun halatta a ba mabuƙaci zakkar da za ta ishe shi shekara. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ɗan ga-ruwa kullum yana yin tasa tafiyar zuwa ƙofar gida. Saura ta maigidan.