Tatsuniyar Dabbobi Tsakanin Zariya da Kogin Dinder

A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, suka kashe shi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nufi gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar wajen 1906, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Alhazai masu tafiya Makka a ƙasa suka yi ta yada zango a can. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buƙaci hannu, ƙauyukan Hausawa kuwa suka yaɗu har bakin kogin Dinder.

Waɗannan mutane sun tafi da Gizo da Ƙoƙi da Kura a bakinsu. Da dare kaka takan tara jikoki ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba littafi, ba hoto, ba a kuwa rasa kome ba, gama muryarta ita ce hoton. A ƙasar Dinder ma dabbobin ba su yi nisa ba: a 1935 gwamnati ta keɓe dajin ya zama gandu, inda zaki da ɓauna da birai suke sha a tafkunan da kogi yake bari da rani.

A yamma kuwa tatsuniya ta bi wata hanya. Tun 1885 Schön, ma'aikacin mishan, ya buga Magana Hausa, da labaran da ya ji daga bakin Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila. Frank Edgar ya tara ɗaruruwan tatsuniyoyi ya buga littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Amma gaskiya ba don yara aka yi waɗannan ba, don Bature mai koyon Hausa ne. Sai a 1937, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa daga Zariya, yaro ya sami littafin da zai so a karanta masa da ƙarfi, da aku mai ba da labari, da hotunan da zai sa yatsa a kai. A 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan firamare.

Duk waɗannan da rubutun boko aka yi su. Yaron Dinder kuwa allo ya sani, sa'an nan makarantar gwamnati wadda take koyarwa da Larabci. Littafinsa mai hoto daga Hartum ya zo, inda aka fara buga wa yara mujallar Al-Sibyan a 1946. Hausa ta tsaya a tsakar gida da gona, Larabci ya riƙe takarda.

Duk da haka akwai rijiya guda da yaran biyu suka sha. Ita ce Kalila wa Dimna, littafin dabbobi wanda asalinsa daga Indiya ne, Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci wajen shekara ta 750. Yana cikin littattafan Larabci na farko da aka ƙawata da zane, Imam ma ya ɗebo daga cikinsa. A ciki akwai labarin kurciya da ta faɗa ragar maharbi tare da 'yan uwanta. Suka tashi gaba ɗaya da ragar, suka je wurin ɓera abokinta. Da ya fara yanke igiyarta, sai ta roƙe shi ya fara da na sauran, don ta san idan ya gaji ba zai bar ta ita ba, amma mai yiwuwa ya bar su. Hankaka yana kallo daga bisa itace, ya zo neman abota. Ɓera ya yi ta ja da baya, gama shi abincin hankaka ne. Wannan gardama ce daɗin labarin, mai karanta wa yara kuwa ya kamata ya ja ta, kada ya yi gaggawa. A ƙarshe kunkuru da barewa suka shigo, huɗun suka yi ta ceton juna daga hannun maharbi.

Yaƙin da ya tashi a Sudan a watan Afrilu 2023 ya rufe makarantu. A tsakiyar 2024 ya kai Sinja da garin Dinder, iyalai da yawa suka gudu zuwa Gadarif da yaransu, littattafan makaranta suka rage a ɗakunan da aka bari.