Tarihin Sunan Mai Kwarmata Bayanai

Lafazin da Turawa ke kiran ma'aikacin da ya fallasa almundahanar ma'aikatarsa da shi, ma'anarsa ta zahiri ita ce mai busa usur, kuma ana danganta asalinsa da ɗan sandan da ke busa usur don ankarar da jama'a idan ya ga ɓarawo, da kuma alƙalin wasa da ke tsayar da wasa idan an yi ƙeta. Aikin ya girme wa sunan, domin tun a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya rattaba hannu kan dokar da ta bai wa duk wanda ya gurfanar da ɗan kwangilar da ya ha'inci gwamnati, kamar masu sayar wa soja lalataccen albarushi da dawakai marasa lafiya, rabin kuɗin da aka ƙwato.

Duk da haka, kallon maci amana aka daɗe ana yi wa irin wannan mutum, har zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da Ralph Nader, lauyan da ya shahara wajen kare haƙƙin masu sayayya, ya yayata lafazin da gangan don ya maye gurbin sunayen zargi. A 1971 ne kuma wani Ba'amurke mai suna Daniel Ellsberg ya miƙa wa jaridar New York Times takardun sirri na yaƙin Biyetnam. Dokokin kare masu fallasa sun biyo baya a Amurka a 1989, a Birtaniya a 1998, a Ghana kuma a 2006.

A Najeriya batun ya bazu ne daga Disamban 2016, lokacin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin ministarta ta lokacin Kemi Adeosun, ta yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na dukiyar da aka gano, sannan ya ƙara armashi a Afrilun 2017 da hukumar EFCC ta bankaɗo sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi bayan an kwarmata mata. Kafofin labaran Hausa sun riƙa cewa mai kwarmata bayanai, ko mai fallasa, ko mai tona asiri, kuma babu ɗayansu da ke da daɗin ji a al'ummar da rufin asiri yake cikin manyan addu'o'inta. Haɗa sunan da lada ya ƙara masa nauyi, tunda ya buɗe ƙofar zargin kwaɗayi, alhali tsarin na 2016 manufar ɓangaren zartarwa ne kawai, ba dokar majalisa ba ce da korarren ma'aikaci zai iya kafa hujja da ita a gaban kotu.