Neman Sawun Kakan Mahaifina

'Yan uwa mazauna Abuja. Da yawanmu nan aka haife mu, amma ranar da aka ce ka kawo takardar shaidar asali sai ka koma garin da ba ka taɓa kwana uku ba. Wannan ne ya sa na shiga neman tarihin kakan mahaifina, wanda a gidanmu ake cewa Ba'agale ne, farke mai fataucin goro daga ƙasar Kano zuwa Gwanja.

Na fara da takarda. Sai a 1979 aka yi dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Nijeriya, saboda haka mutumin da aka haifa kafin zuwan Turawa ba shi da takardar haihuwa. Abin da na samu shi ne wani tsohon littafi na kakana, inda ya rubuta sunayen 'ya'yansa da ajami a bangon baya, ya kuma ambaci cewa mahaifinsa ya rasu a Abuja.

To a nan sai a yi hattara. Abujar da yake nufi ita ce Suleja ta yau, garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Sai bayan dokar 1976 ta Janar Murtala aka ba sabon birnin tarayya sunan, gwamnati kuma ta tare a 1991. Wanda bai san haka ba sai ya je Garki yana neman kabari.

Sai kuma gwajin jini. Ɗan baffana da ke Ingila ya yi gwajin ƙwayar halittar da ɗa ke gada daga uba kaɗai, aka ce reshenmu shi ne R1b-V88. Binciken da Cruciani da abokansa suka wallafa a 2010 ya nuna wannan reshe ya yawaita a kewayen tafkin Chadi, musamman cikin masu harsunan da ke dangi da Hausa. Abin sha'awa ne, amma labarin dubban shekaru ne, bai ba mu sunan mutum ko na gari ba.

Wadda ta cike giɓin ita ce gwaggon mahaifina. Ita ta faɗa min tsagar fuskarsa, da sunan ƙauyensu, da yadda ya bar hanyar Gwanja da jirgin ƙasa ya iso Kano, goro ya koma zuwa ta Ikko.

Don haka 'yan uwa, takarda da gwaji za su jira ku, tsofaffi kuwa ba za su jira ba. In kun je gida da Sallah ku zauna da su, ku naɗi muryarsu a waya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.