Masu Juna Biyu da Masu Jego a Hanyar Barin Kodin da Tiramadol: Nazari daga Mai'adua

Tsakure

Maƙalar ta auna shawarwarin likitanci kan jinyar mai ciki da ƙwaya ta kama da yanayin Mai'adua a masarautar Daura. Matsayarta ita ce a shigar da jinyar cikin awon ciki da zaman jego, domin nan ne mace ke fita ba a tambaye ta dalili ba.

Shimfiɗa

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNODC) na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na shan tiramadol da kodin da danginsu ba da umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce. A Mayun shekarar gwamnati ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Haramcin bai warkar da wadda jikinta ya riga ya saba ba. Mai'adua kuwa gari ne na iyaka, ga mashigar Kwangwalam, ga babbar kasuwar da ke haɗa fataken Nijeriya da Nijar.

Abin da likitanci ya tabbatar

Da iyaye sun gano 'yarsu na shan ƙwaya, sai su ce ta bari yau ɗin nan. Ga mai ciki wannan haɗari ne, domin yankewa farat ɗaya na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma sau da yawa komawa ake yi. Shi ya sa a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita ɗora ta kan metadon ko bufirenofin a hannun likita, ta kuma ƙarfafa shayarwa. Gwajin MOTHER na 2010 ya nuna jariran da uwayensu ke kan bufirenofin sun yi matsakaicin kwana 10 a asibiti, na metadon kwana 17.5. Ga iyalin ƙauye da ke jinya a asibiti a Daura, wannan bambancin na mako guda kuɗi ne da abinci.

Jaririn kan nuna alamun yankewar ƙwaya a kwanakin farko: kuka mai tsini, karkarwa, gudawa, ƙin kama nono. Idan a gida aka haihu, ana iya ɗaukarsa iska, a tafi neman hayaƙi da rubutu. Ungozomar da aka koya wa alamun za ta ce a kai shi asibiti.

Jego

Mai goyon ciki tana gidan iyayenta har arba'in, mahaifiyarta ke tsaye kan wankan jego da kunun kanwa. Idan an sanar da ita, da amincewar 'yar, ita za ta riƙa tuna mata magani. Idan an bar ta a duhu, kunya kan kai dangi ga gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka rufe a Daura a Oktoban 2019.

Saboda haka ya kamata malamar awo ta yi wa kowace mace tambayar ƙwaya a keɓe, ba wadda take zargi kaɗai ba, kuma amsar ta tsaya a katin jinya, kada ta kai ga miji ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA.