Wa Aka Yi wa Wayo a Tullymore? Sake Duban Sukar Fim ɗin Waking Ned

Tun fitowar Waking Ned na Kirk Jones a 1998, wasu masu sharhi suka tsaya kan magana guda: wai ƙauyen Tullymore Ailan ce ta jabu da aka ƙawata don 'yan kallon Amurka, mutanenta kuma an mai da su sakarkaru abin dariya. Tarihin irin wannan zargi, tun daga The Quiet Man na 1952, sananne ne (Rockett, Gibbons da Hill, 1987). A ganina an yi garajen ɗora shi kan wannan fim.

Babbar hujjarsu ta asali ce. Jones ɗan Ingila ne, Ian Bannen da ya fito a Jackie O'Shea ɗan Sikotilan ne, kuma a Cregneash ta Tsibirin Man aka ɗauki ƙauyen. Duk gaskiya ne, amma wurin da aka kafa kyamara ba ya yanke hukunci kan abin da labari ke faɗa.

A labarin fim ɗin, tsoho Ned ya ci cacar ƙasa, kusan fam miliyan 7, murna ta kashe shi yana riƙe da tikitinsa. Ƙauye mai mutum 52 ya haɗa baki, aka gabatar da ɗaya daga cikinsu, Michael O'Sullivan, a matsayin mamacin don a raba kuɗin. Wanda aka ninke baibai shi ne jami'in caca da ya zo daga Dablin da takardunsa. Ina sakarcin yake? Lizzy Quinn kuwa, wadda ta tashi tona asiri, ta halaka ne daidai lokacin da gari ke shagali. Da wuya a kira wannan tallar yawon buɗe ido.

Masu sharhin za su ce ai baƙauye mai wayo shi ma tsohon tambari ne da aka daɗe ana manna wa mutanen Ailan. Wannan hujja tana da nauyi, don haka zan taƙaita da'awata. Ban ce fim ɗin ya nuna Ailan ta 1998 mai bunƙasar arziki ba. Bai nuna ba. Abin da nake iya karewa shi ne danginsa: ya fi kusa da Whisky Galore! na 1949, inda mutanen wani tsibirin Sikotilan suka yi wa hukuma wayo kan giyar jirgin da ya nutse. A wannan layi ya kamata a auna shi, a tuhume shi kan yadda ya sa mai kallo ya goyi bayan zamba har da mutuwa cikin raha.