Daidaita tayar babbar mota ba tare da dalma ba

Idan nauyin taya ya rinjayi gefe guda, sitiyari yana karkarwa, taya kuma tana cinyewa da wuri. Wannan asara ce gare ka, kai mai bin hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas.

An saba maƙala guntun dalma a bakin wili domin daidaita nauyi. Amma dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan guntu a ƙananan motoci tun 2005.

Ka nemi guntun ƙarfe ko na tutiya a maimakonsa. Akwai kuma ƙananan ƙwayoyin gilashi da ake zubawa cikin taya. Idan mota tana gudu, sukan taru a gefen da ba shi da nauyi. Laima tana dunƙule su, saboda haka ka sa busasshiyar iska.

Tsohuwar dalma kuwa, ka nisanta ta daga yara.